Jan hankali ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Koriya ta Kudu

Ya Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana 'yan kasuwa, musamman samarin da suka fara tsallakawa Koriya ta Kudu ɗauko injina da kayan gyaran mota na hannu, kar su je su tafka abin kunyar da na tafka.

Zuwana na farko ne, a Incheon, wajen filayen nan da ake jibge motoci kafin a loda su a jirgin ruwa. Aka shigar da ni ofishin wani dattijo, mutumin ya miƙe tsaye ya zaro ɗan katinsa mai suna da muƙami, myeongham suke ce masa, ya riƙo shi da hannu biyu ya ɗan rusuna, rubutun yana kallona. Ni kuwa gogan naka waya na hannun dama, kawai na sa hagu na karɓe ko dubawa ban yi ba, abin da ko a gida uwata ba za ta yarda in yi wa babba ba. Da ciniki ya yi zafi na rasa takarda sai na juya bayan katin na hau rubuta kuɗin giyabos, har da sunan mutumin yadda zan iya furtawa, kuma da jan biro, na gama na cusa a aljihun bayan wandon jins ɗin da sanyi ya sa ni sawa na zauna a kai. Dattijo bai ce uffan ba, shayi ma ya sa aka ƙaro, amma farashi ko sisi bai sake motsawa ba.

Muna fitowa yaron da ke min tafinta, wani ɗalibi ɗan gida, ya ce "Alhaji ka san me ka yi kuwa? Fuskar mutumin nan fa ka zauna a kai." Wai jan rubutu ma sunan mamaci ake yi da shi a wajensu. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya na gane dalili. Yarensu hawa-hawa ne, ba ka san irin maganar da za ka yi wa mutum ba sai ka san matsayinsa, ga shi kusan rabin ƙasar Kim ne ko Lee ko Park, to suna kaɗai bai raba komai ba. Muƙami ake kira, daeri ne (mataimakin manaja) ko gwajang (manaja) ko bujang (shugaban sashe) ko sajang mai kamfani gaba ɗaya, a liƙa nim a ƙarshe don girmamawa, sai ka ji ana Kim bujang-nim. Mu nan furfura da rawani da wanda ya rako ka su ke faɗa maka wa za ka ce wa ranka ya daɗe, su kuma kati ne. Shi ya sa in aka ba ka sai ka tsaya ka karanta, ka ajiye shi a gabanka kan tebur har a tashi, in hannu ɗaya za ka miƙa to dama, hagu ta tallafo ta.

Katin shaidar ɗan ƙasa kuma wani babi ne. Lamba 13 ce, shidan farko ranar haihuwarka, ta bakwai ta nuna namiji ne ko mace da ƙarnin da aka haife ka, yaro na cika shekara 17 zai je a ɗauki yatsunsa goma. Tun 1968 aka fara, bayan wasu sojojin Koriya ta Arewa su 31 sun sato hanya har kusa da fadar shugaba Park Chung-hee za su kashe shi. Yau banki da asibiti da layin waya duk a kan lambar nan suke rataye. Baƙon da zai wuce kwana 90 dole ya yi tasa rajistar, mu masu sati biyu kuwa fasfo ne kawai, don haka kar ka yi mamaki in manhajar odar abinci ta ƙi ka, ni sai da tafinta ya riƙa yi min da wayarsa.

Sai katin bashi na banki. Ko ruwan roba ka saya kati ake miƙawa, in kayan da ɗan tsada mai shago ya tambaye ka biya ɗaya ko wata-wata. Masu yabon abin suna cewa mu kwaikwaya su ji sauran labarin. Bayan karyewar tattalin arziki na 1997 gwamnatin Kim Dae-jung ce ta tura mutane, ta yi rangwamen haraji ga mai amfani da kati har da caca a kan rasit, kamfanoni suka dinga raba kati a bakin titi ga ɗalibai da marasa aiki, a 2003 abin ya fashe, mutane sama da miliyan 3 suka kasa biyan bashi, kamfanin kati na LG Card ya kusa rushewa. A 2014 kuma ma'aikaci ɗaya ya kwashe bayanan mutane wajen miliyan 20 daga kamfanonin kati uku a filas. Ni dai da katin cirar kuɗi nake tafiya, ruwan da ke kan na bashin bai kwanta min ba.

Yanzu kafin in tashi sai na buga nawa katin, Turanci a gaba rubutunsu a baya, na sayi ɗan gidan ƙarfe na saka su. Dattijon nan da na koma shekara ta zagayo na miƙa masa da hannu biyu, ya karanta ya ɗago ya ce sajang-nim yana dariya, ranar ya rage min kuɗin injin biyu.

Naku,
Wani mai sayar da kayan gyaran mota, Ƙofar Ruwa, Kano.