Godiya ga kamfanin da ya auna gidanmu kafin ya faɗi kuɗi

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa ne domin in gode wa ma'aikatan wani kamfanin haɗa na'urorin sanyaya ɗaki da ke nan cikin garin Sakkwato, bisa aikin da suka yi mana a gidanmu na gado da ke Ƙofar Rini. Gidan ya daɗe: sashe ɗaya ginin ƙasa ne mai rufin azara, ɗayan kuma na bulo ne da kwano da silin, wanda marigayi mahaifinmu ya ƙara daga baya. Duk wanda ya san bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai gane dalilin da ya sa muka nemi babbar na'ura guda wadda za ta riƙa raba iska mai sanyi ta bututu zuwa kowane ɗaki, musamman saboda mahaifiyarmu da shekaru suka ja.

Kafin mu dace da su mun sha wahala a hannun wasu. Akwai waɗanda suka yanke mana farashi ta waya bayan sun tambayi yawan ɗakuna kawai, akwai wanda ya ce a fasa azara a wuce da bututu, wani kuma ya matsa mana mu sayi tsohuwar na'ura ta gwanjo mai amfani da gas ɗin R22, wanda ake kan daina amfani da shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta kare muhalli, bai kuma ga ya dace ya sanar da mu hakan ba.

Injiniyan wannan kamfani, matashi ne mai natsuwa, bai ambaci kuɗi ba sai da ya tsaya a zaure aka yi masa iso, ya auna kowane ɗaki, ya duba tagogin da ke fuskantar yamma, ya hau cikin silin da tsakar rana, sannan ya binciki tsofaffin wayoyin wuta. Da ya sauko sai ya ce, "Alhaji, azarar nan ba za ta ɗauki bututu ba, kuma kaurin katangar ƙasa ya riga ya rage muku rabin aiki." Shawararsa ita ce a sa mai bututun a sashen bulo kaɗai, a naɗe bututun da abin tare zafi domin kada kwano ya dumama iskar tun kafin ta iso, ɗakunan ƙasa kuwa a sa musu ƙananan na'urori na bango. Ya bayyana mana cewa na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana yawan kunnawa da kashewa, tana kuma saurin lalacewa, ya zaɓa mana ajin T3 da ake gwadawa a zafin digiri 46, mai inbata, wadda ba ta girgiza janareta idan za ta tashi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya janye tiyon ruwan da na'urar ke zubarwa nesa da gindin katangar ƙasa, domin kada danshi ya cinye ta, ya kuma sa matatar iska a inda hannu zai kai idan ƙurar hunturu ta toshe ta. Shawarar taƙaita mai bututun ga sashen bulo ta rage musu ciniki, suna sane suka ba da ita.

Sauran aikin ya tafi yadda aka yi alkawari, da rasit da takardar garanti.

Abin takaici shi ne a ce irin wannan hali ya zama abin rubuta wasiƙa. Masu sana'a da yawa a yau da zarar kuɗi ya shiga hannunsu sai wayarsu ta daina shiga, kuma da wuya ka samu wanda zai dubi tsohon gini da mutunci ba tare da ya fara zancen rushewa ba.

Allah ya saka wa wannan injiniya da abokan aikinsa da alheri, ya sa albarka a kasuwancinsu.

Wassalam,
Wani magidanci, Ƙofar Rini, Sakkwato