Sanarwa: Gyaran Dish Kafin Sabon Zango

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa yana lafiya.

Shirye-shiryenmu masu dogon zango za su dawo a daminar nan, don haka za mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a ɗakin kallo mu gyara kaya.

Hadari mai kauri da ruwan sama kan rage ƙarfin sigina, wannan kam sai haƙuri har ruwa ya tsagaita. Abin da ke hannunmu shi ne iska ta karkatar da dish, ko ruwa ya shiga mahaɗin waya da LNB (na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina) ya yi tsatsa. Za a ɗaure kusoshi, a sauya mahaɗin, a naɗe shi da salatif. Wayar kuma a lanƙwaso ta ƙasa kafin ta shiga ɗaki, don ruwa ya ɗiga a waje. Idan ana tsawa, a zare dikoda daga soket, har da wayar dish.

Kowa ya ba ma'aji naira 2,000 kafin Juma'a, kuɗin wata da man janareta.

Wanda ya riga mu kallo a YouTube, don Allah ya kama bakinsa.

Allah ya bar zumunci.
Shugabannin rukuni