Wasiƙa daga Yamai kan gyaran tankin ruwan zafi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin Faransa? Mu nan lafiya lau, sai hazo da ƙurar hunturu. Hajiya na gaishe ka ƙwarai.

Ka ce kana so ka sa tankin ruwan zafi na lantarki a gidan da kake gina wa Inna a Tawa. Dakata tukuna, ka ji abin da namu ya ci mini.

Da ɗari ya shigo sai ya daina ɗumama ruwa, ga Hajiya ba ta iya alwalar asuba da ruwan sanyi saboda ciwon gwiwa. Mai gyaran famfo ya buɗe shi, ya nuna mini ƙarfen da ke dafa ruwan. Farar ƙasa ta lulluɓe shi kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ya ce ruwan ne ke barin ta duk lokacin da ya yi zafi. In ta yi kauri sai zafin ya kasa fita, ƙarfen ya yi ta shan wuta har ya ƙone. Akwai kuma wani sanda a ciki da aka sa domin tsatsa ta ci shi maimakon jikin tankin. Namu ya cinye ƙurmus, ba wanda ya taɓa gaya mini ana canza shi.

A kasuwar Katako na sayo ƙarfen jikka 15, sandan da robar da ke hana yoyo jikka 8, kuɗin hannu jikka 10. Jikka 33 ke nan, a watan da ake neman kuɗin makarantar yara. Na biya ba da gunaguni ba, don lafiyar tsohuwa ta fi. Amma lissafa wutar ma: lita 50 kafin ta yi zafi sosai sai ta sha wuta sama da kilowat-awa 2, kullum. Ranar da aka ɗauke wuta da dare kuwa, sai dai a koma kan gawayi.

Shi ya sa nake ganin tanki mai aiki da zafin rana ya fi dacewa da Inna. Abin ba baƙo ba ne gare mu. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, tun 1969, kuma a nan Yamai suka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana. Yana ba ni takaici yadda muka bar wannan aiki muna sayen na waje, alhali rana ce abin da Allah ya wadata mu da shi. Sayen na rana ya fi tsada, gaskiya ne, kuma shi ma yana son wanki, gilashinsa na son shara lokacin ƙura. Amma tanki mai kyau yakan riƙe ɗumi har asuba, kuma ba takardar wuta a ƙarshen wata.

Ka aiko mini da hoton rufin da yawan mutanen gidan, in je in tambayo maka farashi. Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
Amininka na Yamai