Wasiƙar Makaranta: Abin da kyamarar zafi ta nuna a jikin majiginmu

Iyayenmu da masu riƙon ɗalibai, assalamu alaikum. Ya iyali, ya kuma sanyi da ƙurar bana?

Wataƙila 'yan ajin kimiyya sun ishe ku da labarin "hoton zafi" a gida. Ga yadda aka yi. Wani mahaifi a cikinku, injiniyan lantarki, ya ara wa malamin fizik kyamarar da yake duba wayoyi da ita a wurin aiki, Allah ya saka masa da alheri. Malam ya kafa ta a ɗakin taro, ya saita ta kan babban majigin da muke haska darasi da shi, sannan ya kunna.

Duk abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a shekarar 1800, lokacin da ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan launin, inda ba a ganin komai, sai ma'aunin ya hau. Wannan hasken kyamarar ke kamawa, ta shafa masa launi don mu gane: shuɗi wuri mai sanyi, ja da fari wuri mai zafi.

Da farko majigin shuɗi ne gaba ɗayansa. Cikin 'yan mintuna bakin da iska ke fita ya yi rawaya, ya koma ja, har bangon da ke bayansa ya fara ɗauka. Dalili shi ne ƙwan fitilar da ke ciki. Tururin zaiba ne a matse, matsinsa ya kai kusan ninki 200 na iskar da muke shaƙa, kuma mafi yawan wutar da yake sha zafi take komawa, ba haske ba. Yaran sun kuma kama kyamarar da ƙarya: ƙarfe mai sheƙi ya fito shuɗi alhali yana ƙuna. Sai da aka manna masa baƙin salatif ta faɗi gaskiya. Gilashi kuwa ba ta gani ta cikinsa sam.

Darasin da ya fi damun mu a ofis ba Malam ne ya shirya shi ba. Ana cikin kallo aka ɗauke wuta. Fankar da ke sanyaya majigin daga ciki ta tsaya cak, amma maimakon na'urar ta huce, sai saman akwatin daidai kan ƙwan ya ci gaba da yin ja na ɗan lokaci, domin babu iskar da za ta kwashe zafin. Idan da rimot aka kashe, fankar kan ci gaba da juyawa har ƙwan ya huce. Ɗaukewar wuta ba ta ba shi wannan damar, kuma a nan kusan kullum ne. Haka ƙwai ke mutuwa tun kafin ya cika sa'o'insa, ga shi da tsada.

Masu ƙera irin waɗannan na'urori galibi sun ce kada zafin ɗaki ya wuce digiri 35 zuwa 40. Kun san abin da Maris da Afrilu ke yi mana. Matatar iskar ma da aka zaro ta, ƙurar hunturu ta toshe ta kamar an yaɓa mata laka. Mun wanke ta, mun janye majigin daga jikin bango, kuma in bazara ta kama za mu mayar da darussan majigi zuwa safiya.

Abin da ya rage shi ne ƙaramin batirin ko-ta-kwana da zai riƙe fankar idan wuta ta tafi. Akwai majigi mai lesa, wato mai haska hoto da hasken laser maimakon ƙwai, da kan kai sa'o'i 20,000 ba canjin ƙwai, amma a ganinmu kuɗinsa ya fi ƙarfin makaranta yanzu. Za mu kawo maganar batirin a taron iyaye da malamai mai zuwa. Hotunan da yaran suka ɗauka suna manne a allon sanarwa kusa da ofis, ga duk wanda ya zo ɗaukar yaro.

Wassalam,
Shugaban Makaranta