Wasiƙa kan faifan farko na De La Soul

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ka ce ƙannenka suna shirin fitar da kundinsu na farko kuma suna son yanko kiɗa daga tsofaffin faya-faye. Kafin su shiga sitidiyo, ka zaunar da su kan labarin 3 Feet High and Rising, kundin farko na ƙungiyar hip hop De La Soul.

Samari uku ne daga Amityville a Long Island ta jihar New York, wato Posdnuos da Trugoy da Maseo, suka fitar da shi a 1989 ƙarƙashin kamfanin Tommy Boy, Prince Paul kuma shi ne ya haɗa kiɗan tare da su. A lokacin yawancin masu hip hop gangunan James Brown suke yanka. Su kuwa sai suka shiga akwatin faya-fayen iyayensu suka kwaso abin da ba wanda ya zata. A waƙar "Eye Know" sun ɗora muryar Steely Dan tare da fiton Otis Redding. "Me Myself and I" a kan kiɗan Funkadelic take zaune, sunan kundin ma daga wata waƙar Johnny Cash ya samo asali.

Wannan aikin ya fi yadda kunne ke zato wahala. Kowane gutsure yana zuwa da saurinsa da kuma tsayin sautinsa. In ka ƙara masa sauri don ya dace da ganga, sautin sai ya hau, ya daina jituwa da na ƙarƙashinsa. Dole a daidaita sauri da sauti daban-daban, a kuma yanka gutsuren daidai kan bugun farko, in ba haka ba duk zagayen da zai yi za a ji tuntuɓe. Gwanintarsu ita ce gutsure uku ko huɗu a waƙa ɗaya, amma ka rantse makaɗa ne a ɗaki guda.

An karɓe shi hannu bibbiyu. Ya hau matsayi na ɗaya a jerin kundayen R&B na mujallar Billboard, kuma masu sharhi suka zaɓe shi kundin shekara a ƙuri'ar jaridar Village Voice. Sai dai furannin da ke bangonsa sun sa aka laƙaba musu sunan 'yan hippie, wato matasan nan masu ado da furanni da kiran zaman lafiya, abin da ya dame su har suka kira kundinsu na 1991 De La Soul Is Dead, da hoton fasasshiyar tukunyar fure.

Inda nake so yaran su buɗe kunne shi ne nan. Akwai wani ɗan guntun abu a kundin mai suna "Transmitting Live from Mars", da ƙyar ya wuce minti ɗaya, darasin Faransanci ne kawai aka ɗora kan kiɗan "You Showed Me" na ƙungiyar The Turtles ba tare da izini ba. Mutum biyu daga ƙungiyar suka kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu da kuɗi. A 1991 kuma wata kotu a New York ta yanke hukunci a shari'ar wani mawaƙin hip hop, Biz Markie, cewa ɗaukar kiɗan wani ba izini keta haƙƙi ne, daga nan kamfanoni suka daina wasa da lamarin.

Kowane gutsure haƙƙi biyu ne a kansa: na wanda ya mallaki ainihin sautin da aka naɗa, galibi kamfani, da na wanda ya tsara waƙar. Izinin ɗaya ba ya wadatar da ɗayan. Sannan yawancin takardun izinin De La Soul faifai da kaset kaɗai suka ambata, shi ya sa da zamanin sauraro ta intanet ya zo, kundin ya maƙale shekara da shekaru, ga kuma saɓani da kamfani kan rabon kuɗi. Sai da kamfanin Reservoir ya sayi Tommy Boy a 2021 aka bi gutsuren ɗaya bayan ɗaya, wanda izininsa ya gagara aka sake kaɗa shi ko aka cire. Ranar 3 ga Maris 2023 kundin ya hau Spotify da sauransu. Trugoy ya rasu ranar 12 ga Fabrairu, saura kwana 19, kuma wannan yana min ciwo har yanzu.

Don haka su buɗe littafi tun ranar farko: sunan waƙar da aka yanko, mai ita, kamfaninta, daƙiƙa nawa aka ɗauka, da inda aka saka. Ko na tsohon makaɗinmu na gida ne da ya rasu, su nemi magadansa da wanda ya naɗi sautin. Takardar kuma ta ambaci kowace hanyar rarrabawa, har wadda ba a ƙirƙiro ba tukuna.

Ka turo min waƙa biyu in sun gama haɗawa. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.