Ƙanina ya jinginar da motar mahaifinmu saboda kartar intanet

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da masu taya ka wannan aiki, ina rubuto maka ne a dare na uku da ban samu barcin kirki ba, saboda haka ka yi mini uzuri idan ka ga maganata ba ta jeru ba. Ina kuma roƙon a sakaya sunana.

Ranar Asabar da ta wuce na shiga garejin gidanmu da sassafe kamar yadda na saba duk ƙarshen mako, riƙe da sabon bel ɗin fanka da na daɗe ina nema, sai na tarar da tamfol ɗin da muke rufe motar da shi a naɗe a gefe, motar kuwa babu ita. Abin da ya rage a wurin shi ne kwalin da nake shimfiɗawa a ƙarƙashin inji don ya tare ɗigon baƙin mai, da sawun tayoyi huɗu a kan ƙura. Na duba ƙusar da muke rataye makulli, babu komai a jikinta. Ban kawo ɓarawo a raina ba ko kaɗan, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin tun kafin in ɗaga waya zuciyata ta riga ta faɗa mini wanda ya fitar da ita.

Ya kamata in yi maka bayanin motar, don kada ka ɗauka wani tsohon ƙarfe ne nake yi wa kuka. Mercedes-Benz 230E ce, ƙirar 1983, daga jerin da kamfanin ya yi wa laƙabi da W123, waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, kimanin miliyan 2.7, kuma har yau masu sha'awar tsofaffin motoci suna nemansu ido rufe saboda juriyarsu. Injinta mai fistin huɗu ne, lita 2.3, ba ta da kafireta, na'urar feshin mai ta Bosch ce a jikinta wadda ba ruwanta da kwamfuta, kuma makullan ƙofofinta da zuƙar iska suke aiki, ta yadda idan bututu ɗaya ya tsage sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka gano inda iskar take zurarewa. Motar marigayi mahaifinmu ce. Bayan rasuwarsa ta yi shekara shida a ajiye, tsatsa ta cinye ƙarƙashin batir da wuraren da ake kafa jak, tayoyi suka zauna, ɓeraye suka yi gida a kujerar baya. Ni ne na ce ba za a sayar da ita ga masu yanka motoci ba. Shekara uku ke nan ina bin ta a hankali: na sauke inji, na canza zoben fistin da sarƙar inji, na sa aka yanke ruɓaɓɓen ƙarfe aka yi walda, aka mayar mata da fentinta na asali. Ni ba makanike ba ne, ma'aikacin ofis ne, sha'awa ce kawai, kuma ita ce abin da nake hutawa da shi.

Ba zan zalunce shi ba, da farko tare muke aikin da ƙanina. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme shi da shekara tara, kuma yana da hannu a aikin wayoyin lantarki fiye da ni. Amma tun wajen bara na ga ya canza. Akwai ranar da nake kwance a ƙarƙashin motar ina kwance salansa, na ce ya miƙo mini sifana mai lamba 13, sai ya miƙo mai lamba 17. Na mayar masa, ya sake miƙo ita. Da na leƙo sai na ga fitilar da ya kamata ya haska mini tana haska bango, idonsa yana kan waya, babban yatsansa yana rawa a saman gilashin, leɓensa yana motsi kamar mai lissafi. Na yi masa magana sau uku kafin ya ce, “Yaya, minti ɗaya, hannu ne mai kyau ya zo mini.” Tun a ranar ya kamata in tsawatar, amma na ɗauka irin wasan da muka saba ne.

A nan dole in koma baya kaɗan, domin na san idan ya samu damar magana da wannan zai fara. Gaskiya ne ni na nuna masa wasan. Karta ce da ake kira foka, nau'in da ake cewa Texas Hold'em, kuma na fara ta ne a wata manhaja da ake bugawa da kuɗin bogi, waɗanda ba a saye ba a sayarwa, idan sun ƙare gobe a sake ba ka wasu. Kati 52 ne, a raba wa kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya, uku a tashin farko, sai ɗaya, sai ɗaya, kuma a kowane mataki mutum yana da zaɓin ya ƙara, ko ya bi, ko ya ajiye katinsa ya fita. Wanda ya haɗa kati biyar mafi ƙarfi shi ke kwashe abin da aka tara, sai dai idan ya yi wa sauran burga har suka tsorata suka ajiye nasu. Abin da ya ja ni shi ne lissafin da ke ciki da karantar halin mutane, kamar yadda wani yake son dara. Da daddare bayan mun wanke hannu daga giris sai mu zauna a cikin motar, shi a kujerar direba ni a gefe, kowa da wayarsa, muna dariya. Ban taɓa ce masa ya sa kuɗi ba. Wanda ya koya wa mutum tuƙi ai ba shi ne ya ce ya je ya yi tsere a kan titi ba.

Shi dai tun yana yaro haka yake, ba ya taɓa abu ya tsaya a iyakarsa, kuma bai iya karɓar faɗuwa ba. Yana da daɗin baki, yana iya kallon tsabar idonka ya shirya maka zance har ka ji kai ne mai laifi. Da na gano ya koma shafin da ake zuba kuɗin gaske na yi masa faɗa, sai ya kawo mini labarin Chris Moneymaker, wani akanta ɗan Amurka da ya samu gurbi ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya je Las Vegas a 2003 ya cinye babbar gasar foka ta duniya, ya tashi da dala miliyan 2.5. Na ce masa mutum 839 ne suka shiga wannan gasar, me ya sa sunan mutum ɗaya kawai ya sani? Na ce masa ko da ya fi kowa iyawa, masu shafin suna yankar kasonsu daga kusan kowane tari da aka buga, saboda haka kuɗin da ke zagayawa a teburin raguwa suke yi kullum, su kuwa ba su taɓa faɗuwa. Na tuna masa cewa a watan Afrilu na 2011 hukumomin Amurka sun rufe manyan shafukan foka uku a rana ɗaya, kuma wasu 'yan wasan sun yi shekaru suna jiran kuɗinsu da suka maƙale. Na kuma tuna masa hukuncin caca a addini, wanda ya sani kamar yadda na sani. Amsarsa ita ce wannan ba caca ba ce, gwaninta ce, kuma ni na faɗa masa haka da bakina. Na faɗa, amma a kan wasan da babu kuɗi a ciki na faɗa.

In dawo kan ranar Asabar. Da na kira shi cewa ya yi ya kai ta wurin mai gyaran waya saboda fitilar baya tana wasa, alhali ni da hannuna na gyara fitilar nan mako biyu da suka wuce. Na ce ya faɗa mini wurin in je in gani, sai ya kashe waya. Bai shigo gida ba sai bayan magariba, idanunsa jajur, kuma a tsaye a bakin garejin ya faɗa mini cewa motar tana hannun wani mutum da ya ba shi rance, ya ajiye ta jingina tare da takardunta. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Malam, shi ne bai fara da ban haƙuri ba, da labarin kati ya fara. Wai an raba masa kati mai alamar A guda biyu, wanda shi ne hannu mafi ƙarfi da ake iya farawa da shi, kuma sau ɗaya yake zuwa a cikin rabo 221, sai ya zuba duk abin da yake da shi, wani ya bi shi da takwas biyu, katin ƙarshe da aka buɗe ya zo takwas, mutumin ya haɗa takwas uku ya cinye shi. Yana ta maimaita cewa sau huɗu cikin biyar shi ne zai ci, lissafinsa daidai ne, sa'a ce kawai ta juya masa baya. Lissafin nasa daidai ne, na sani, amma wane mai hankali ne yake ɗora motar ubansa a kan abin da sau ɗaya cikin biyar zai tafi da ita? Daga baya ma na fahimci ba a wannan hannun kaɗai kuɗin suka tafi ba, ya shafe makonni yana bin asara da ƙarin zubi, rancen ma na biyan wani rancen ne.

Mutumin da motar take hannunsa ya ba da mako biyu, yanzu saura kwana 11. Na yi magana da shi ta waya sau ɗaya, bai yi mini rashin kunya ba, amma ya ce shi da wanda ya kawo masa takardu ya sani. Ina tsoron ko ya bar ta a rana, ko ya ba wani ya tuƙa ta da ƙarfi alhali injin bai gama zama ba tun da aka sa sabon zobe. Na manta ban faɗa ba, takardun har yanzu da sunan marigayi suke, domin ba a taɓa sa motar a rabon gado ba, kowa ya bar mini ita tunda ni nake kashe mata kuɗi, ko da yake ba a rubuta hakan ba. Shi yanzu cewa yake yi yana da haƙƙi a cikinta, kasonsa ya jinginar. 'Yan'uwanmu mata biyu ba su san komai ba tukuna.

Hajiya mahaifiyarmu ma ba ta sani ba, kuma tana da hawan jini. Jiya ta tambaye ni ina motar Alhaji, domin takan leƙa ta taga ta gan ta, na ce tana wurin gyara. Ban taɓa yi mata ƙarya irin wannan ba. Da na ce wa ƙanina zan faɗa mata gaskiya, sai ya dube ni ya ce, “Yaya, idan ka faɗa mata nawa, zan faɗa mata naka.” Abin da yake nufi shi ne akwai wani lokaci, watanni kaɗan, da ni ma na sa kuɗi a wannan shafin, kuma ta asusuna ya fara shiga kafin ya buɗe nasa. Kuɗi ne ƙanana, daga aljihuna, ban ci bashin kowa ba, ban taɓa kayan kowa ba, kuma da na ga an ci ni sau biyu a jere na daina da kaina. Ban ga yadda za a haɗa wannan da abin da ya aikata ba, amma na san idan Hajiya ta ji, ba za ta tsaya auna yawan kuɗi ba, cewa za ta yi babba ne ya buɗe wa ƙarami ƙofa.

Maiɗakina ta ce in biya bashin a karɓo motar a rufe maganar. Zan iya haɗa kuɗin idan na taɓa abin da muka tanada don karatun yara, amma wani abokin aikina ya gargaɗe ni cewa biya wa mai caca bashi kamar zuba ruwa a kwando ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar caca a cikin jerin cututtuka, wato magani yake buƙata, ba rufin asiri ba. Ni kuma idan na tuna yadda ya tsaya yana ba ni labarin takwas biyu, ba na ganin mara lafiya, mutum nake gani wanda bai damu da kowa ba. Sai kuma in tuna shi ne ya kwana biyu yana bin bututun makullan nan har ya gano wanda ya tsage, ranar da ƙofofi huɗu suka kulle tare ya rungume ni yana cewa da Baba yana nan da ya yi murna.

Malam, ka ba ni shawara. Shin in karɓo motar ko in bar ta ta tafi don ya ɗanɗana abin da ya shuka, alhali ni ne zan fi kowa jin zafin rashinta? Idan na karɓo, a ina zan ɓoye makulli a gidan da muke kwana tare? Sannan akwai abin da ban faɗa wa kowa ba: daren jiya da barci ya ƙi zuwa, na buɗe manhajar nan ta kuɗin bogi na buga har ƙarfe uku, kuma a lokacin ne kawai zuciyata ta ɗan lafa. Ban sa ko sisi ba. Ina so ka faɗa mini tsakani da Allah ko wannan ma laifi ne, kuma ko wajibi ne in faɗa wa Hajiya nawa kafin shi ya riga ni.

Na gode. Wassalam.

Daga mai bibiyar filinka a kullum.