A fara da iri kafin a yi zancen dalar gyaɗa

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan shirin farfaɗo da dalar gyaɗa a Kano. Ina ganin an fara daga inda bai kamata ba.

Noman gyaɗa don fitarwa waje ya bunƙasa ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ita kanta dalar, buhuna ne da ake jibgewa suna jiran taragon da zai kai su Legas, wato tarinta yana nuna ƙarancin sufuri kamar yadda yake nuna yawan amfani. Abin da ya durƙusar da harkar kuwa sananne ne: farin farkon shekarun 1970, sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki har manoma suka rasa irin shuka. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, tabbacin farashi ma ya tafi.

Yau cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya tana da iri irin su SAMNUT 24, mai saurin nuna kuma mai jure kuturta. Amma gyaɗa ba ta yaɗo kamar gero; kadada ɗaya kan ci iri mai yawa, shi ya sa talaka ke komawa ga tsohon irinsa.

Shawarata ita ce gwamnati ta sa kuɗin shirin a ninka iri ta hannun ƙungiyoyin manoma, a kai shi tare da takin supa kafin ruwan farko. A kuma koya wa mutane shanya a kan tamfol, domin gyaɗar da ta yi fumfuna ba ta wuce gwajin aflatoksin, wato gubar da fumfuna ke haifarwa, a kasuwar Turai.

Naku,
Mai karatu daga Dawanau